Daga Shinkafar Waje Zuwa Ragon Layya: Abin da Rufe Boda Ya Ci Daga Zumuncin Najeriya da Nijar

Suleja ba garin bakin iyaka ba ne. Direban da ya ɗauki kaya daga nan da asuba ya nufi Jibiya ko Illela, in ya yi sa'ar hanya, sai bayan la'asar zai hango shingen kwastam. Jihar Neja ma ɗungurungum ba ta haɗa ko taku ɗaya na iyaka da Jamhuriyar Nijar ba, duk da kogi ɗaya ne ya ba su suna. Iyakarta da ƙasar waje tana can yamma, wajen Babanna a ƙasar Borgu, kuma da Benin ce. Amma duk lokacin da aka ce an rufe boda a Arewa, ba a yin mako guda sai labarin ya iso kasuwar Babangida ta Suleja, kuma mai awo ne ke fara ba da shi tun kafin a ji sharhin rediyo. Mudun wake ya ɗaga, kwandon albasa ya ɗaga, mai dabino ya ce kaya ba su iso ba, mahauci ya rage tsokar da yake yanka wa mai naira dubu.

Dalilin a fili yake. Garin yana zaune ne a bakin babbar hanyar da ta taso daga Kano, ta ratsa Zariya da Kaduna, ta shiga Abuja. Dubban ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga babban birnin tarayya, a Suleja da Madalla da Gauraka suke kwana, a nan kuma suke cefane. Abin da aka loda a Dawanau ko Mai'aduwa ko Maigatari, wani kaso nasa a nan ake sauke shi. Saboda haka duk takardar da aka sa wa hannu a fadar shugaban ƙasa kan harajin fito ko hana shigo da kaya, sai ta je bakin iyaka tukuna, ta yi zagayen ɗaruruwan kilomita, sannan ta dawo ta sami mutanen da ke zaune tafiyar sa'a guda daga ofishin da aka rubuta ta.

Tsadar kaya kowa ya san ta, kowa ya ɗanɗana. Abin da ba a cika sakawa cikin lissafi ba shi ne abin da waɗannan matakai suka ci daga amanar da ke tsakanin Najeriya da Nijar, maƙwabciyar da ta tsaya mana a lokacin da tsayawar ke da tsada.

Garuruwa biyu masu tarihi ɗaya

Mutumin Suleja bai kamata a yi masa dogon bayani kan Maraɗi ba, domin ƙaddara ɗaya ce ta haifi garuruwan biyu. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa zuwa Zuba. Bayan rasuwarsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa sabon gari a 1828, wanda aka kira Abuja, sunan da aka ba sabon babban birnin ƙasa bayan shawarar 1976, shi kuma tsohon garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. A daidai wannan zamani, sarakunan Haɓe na Katsina su ma aka fitar da su, suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Shi ya sa har gobe sarkin nan ake ce masa Sarkin Zazzau Suleja, na can kuma Sarkin Katsinan Maraɗi.

Akwai wani abu a tarihin garin nan da ya dace da maganarmu. Shekaru da dama ƙofofin Abuja ta dā a rufe suke ga fataken ƙasashen da Fulani ke mulki. Sai a zamanin Sarki Abu Kwaka, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1877, aka buɗe ciniki da Zariya da Bida. Gaba ba ta ƙare ba a ranar, amma fatake sun samu hanya, garin kuma ya ci moriya. A 1902, lokacin da aka riƙa tare hanyar fatauci tsakanin Lokoja da Zariya, da wannan hujjar Turawan Ingila suka shigo suka mamaye garin. Kakannin mutanen Suleja sun ga abin da buɗe hanya ke kawowa, sun kuma ga abin da toshe ta ke jawowa.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, layin da Ingila da Faransa suka ja ya zama iyakar ƙasa da ƙasa, sama da kilomita 1,500, ya bi ta jihohi bakwai na yau: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Faransa ta karkata ga Biyafara, wasu ƙasashen da ta raina kamar Kwaddibuwa da Gabon suka bi ta. Shugaba Diori Hamani na Nijar bai bi ba. Ya tsaya tare da gwamnatin Janar Yakubu Gowon, alhali Faransa ce ke riƙe da kuɗinsa da kasuwar gyaɗarsa. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai ofishi a Yamai. Wutar lantarkin da madatsar ruwan Kainji ke samarwa, a nan Jihar Neja, tun shekarun 1970 take haska Yamai, bisa fahimtar cewa Nijar ba za ta tare ruwan Kwara daga sama ba. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa.

Karon farko da wannan zumunci ya ji jiki sosai shi ne Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa saboda canjin kuɗi da fasa-ƙwauri. Rufewar ta faɗo daidai da mummunan fari a Sahel. Gero da dawar da aka saba kaiwa daga kasuwannin Najeriya suka yanke, makiyayin da zai sayar da sa ya sayi hatsi ya rasa inda zai kai. Ba a buɗe ba sai 1986, zamanin Janar Babangida. Har yau akwai dattawa a karkarar Maraɗi da Damagaram da ke kiran yunwar wannan lokaci da suna El-Buhari. Sunan da talaka ya raɗa wa yunwa ba ya gogewa da ziyarar minista.

Yaƙin shinkafa

Rikicin zamaninmu da shinkafa ya faro. A Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kai harajin shinkafar waje kashi 110 cikin ɗari, da nufin a ba manoman gida sarari. Jiragen ruwan da suka saba sauke kaya a Legas sai suka juya akala zuwa Kwatano, inda harajin bai taka kara ya karya ba. Cikin 'yan shekaru Benin, ƙasar da jama'arta ba su kai na Jihar Kano ba, ta shiga sahun manyan masu sayen shinkafar Thailand a duniya, kuma akasarinta turararriya ce, irin wadda 'yan Najeriya suka fi ci. Kowa ya san inda take dosa. Wata ta shigo ta Seme, wata ta hau arewa ta Gaya, ta bi ta Nijar, ta ɓullo ta Kamba da Illela da Jibiya.

Gwamnatin Buhari ta farar hula ta ƙara ɗaure igiyar. A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya hana dala ga masu shigo da kaya iri 41, har da shinkafa. A 2016 hukumar kwastam ta Kanar Hameed Ali ta haramta shigo da ita ta iyakokin tudu, a farkon 2017 motoci suka bi sahu. Sannan aka zo ga babban mataki. Ranar 7 ga Yulin 2019, a birnin Yamai, Shugaba Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, Shugaba Mahamadou Issoufou na masaukin baƙi. Ranar 20 ga Agusta, mako shida kacal bayan haka, aka wayi gari an rufe bodojin Najeriya ba tare da sanarwar kirki ga maƙwabta ba. A Oktoba aka ce babu shiga babu fita ga kowane irin kaya. A Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Jibiya da Illela da Kamba suka koma sayen mai a jarka a cikin ƙasarsu.

Wanda ya yi cefane a Suleja a wannan lokaci ya san yadda abin ya kasance. Tambayar farko da mai shago zai yi maka ita ce, 'yar waje ko 'yar gida? In ka ce 'yar waje, sai ya dube ka, ya dubi hanya, ya aiki yaro bayan shago. Buhun da zai fito da shi sau da yawa tambarin wani kamfanin gida ne a jikinsa, don an juye ta tun a hanya. In ka tsoma hannu ka ɗebo, dogayen ƙwayoyin nan masu sheƙi, babu tsakuwa babu ƙaiƙayi, su za su gaya maka daga inda ta fito. Ta iso ne a kan babura masu ɗaukar buhu uku huɗu ta cikin daji da dare, aka tara ta a wani ƙauye, aka loda a ƙananan motocin da aka cire wa kujerun baya. Kowane shinge da motar ta wuce akwai abin da aka ajiye, kuma duk wannan kuɗin hanya a kan mudunka yake sauka. Buhun da ake saye ƙasa da naira dubu 15 kafin rufewar, cikin 'yan watanni ya haura dubu 20. Alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna hauhawar farashin abinci ta tashi daga kusan kashi 13 cikin ɗari a Agustan 2019 zuwa sama da kashi 19 a Disambar 2020.

A yi adalci, akwai waɗanda suka ci riba ta halal. Manoman fadamun Wushishi da Bida da Katcha da Lavun sun ga kuɗin shanshera irin wanda ba su taɓa gani ba. Irin FARO 44, wanda cibiyar binciken hatsi ta Badeggi ta taimaka ya yaɗu, ya cika gonaki. Masana'antun casa sun ƙaru a Kano da Kebbi, shinkafar gida ta rabu da tsakuwar da ta daɗe tana zubar mata da mutunci. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma wanda ya musa shi bai yi wa manomi adalci ba. Sai dai tsadar taki da man ban ruwa da 'yan bindigar da suka hana noma a Shiroro da Rafi da Mariga, babu ɗaya da rufe boda ta magance. Dalar shinkafar da aka jera a Abuja a Janairun 2022 ta yi kyau a hoto, amma farashi bai sauko ba.

To, ina laifin Nijar a ciki? Gaskiya ne wasu manyan 'yan kasuwarta sun yi arziki da fiton kayan Kwatano, kuma gwamnatinta tana karɓar nata kason. Amma abokan cinikinsu suna Katsina da Kano, masu buɗe musu shinge kuma kakin Najeriya ne a jikinsu. Wanda aka fi hukuntawa shi ne manomin albasa na Galmi, da mai wake na Tasawa, da makiyayin da ya koro raguna daga Dakwaro, mutanen da dokokin ECOWAS suka ba izinin shigo da amfanin gonarsu da dabbobinsu ba tare da harajin fito ba. Ita wannan ƙungiya a Legas aka kafa ta, ranar 28 ga Mayun 1975, kuma Gowon na cikin iyayenta. Da babban yaya ya taka dokar da shi ya rubuta, ƙannen sun gani sun yi shiru, ban da 'yan kasuwar Ghana da suka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Accra. An buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum ranar 16 ga Disambar 2020, bayan wata goma sha shida. Jibiya da Kamba sai Afrilun 2022.

Ranar da aka kashe wuta

Abin da ya biyo baya ya fi wannan zafi. Ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Bayan kwana huɗu ECOWAS ta zauna a Abuja, Shugaba Bola Tinubu na jagoranta, ta rufe iyakoki, ta tsayar da hada-hadar kuɗi, ta ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar lantarki. Juyin mulki abin ƙi ne, kuma tsare zaɓaɓɓen shugaba da iyalinsa zalunci ne, babu mai ja. Amma janar-janar ɗin suna da janareta. Waɗanda suka kwana cikin duhu su ne asibitoci, da masu niƙa, da mai sayar da ƙanƙara, da tela.

Arewacin Najeriya bai karɓi wannan mataki ba. Sanatocin yankin sun fito ƙarara sun ƙi maganar yaƙi. Janar Abdulsalami Abubakar, ɗan Minna, da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka tafi Yamai da sunan ƙungiyar. Muhammadu Sanusi na biyu ya je ya gana da Tchiani tare da Sarkin Damagaram, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta bi baya. A bakin iyaka kuwa, manyan motoci sun yi layi makonni, albasa da tumatir suna ruɓewa a cikinsu. ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Tinubu ya ba da umarnin buɗe boda da mayar da wuta a watan Maris. Bazoum bai koma kujerarsa ba. Abin da aka samu shi ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu na AES a Satumbar 2023, sun sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025.

Daga nan ne maƙwabcin ya fara mayar da biki. A Oktobar 2024 Nijar ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa zuwa ko'ina, in ban da Mali da Burkina Faso. A ƙarshen Maris na 2025 ƙasashen AES suka ɗora harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje, har da na ƙasashen ECOWAS. Kuɗin kaɗan ne, saƙon ne babba: Najeriya ta koma sahun baƙi. A wannan watan dai Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙar Boko Haram a yankin Tafkin Chadi. Kafin nan, a Disambar 2024, Tchiani ya fito a talabijin da harshen Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don ta da zaune tsaye a ƙasarsa, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya musanta da Hausa shi ma. Ba a kawo hujjar da ta tabbatar da zargin ba, amma mutanen da suka kwana cikin duhu a 2023 ba su nemi hujja mai yawa ba.

Sai kuma maganar raguna. A Mayun 2025, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, ma'aikatar kasuwancin Nijar ta hana fitar da dabbobi, wai don farashi ya sauko wa mutanen gida. Duk wanda ya saba zagaya turakun da ake kafawa a bakin titin Suleja da Madalla gab da layya ya san abin da wannan ke nufi. Manyan ragunan da ake ɗaurewa a sahun gaba don su ja ido, Uda mai rabi baƙi ko ja rabi fari, da Balami mai dogayen kunnuwa da faɗin ƙirji, da yawansu daga can suke fitowa, ta Mai'aduwa da Maigatari da Illela. Dillali zai kama maka ƙugun ragon ya matsa, ya buɗe bakinsa ya nuna maka haƙora, sannan ya faɗi kuɗin da zai sa ka saki igiyar. In ka yi ƙorafi, amsar a shirye take: Alhaji, boda a rufe take, ga sefa ta tashi. Ba ƙarya ya yi ba, domin tun bayan karyewar naira a 2023 jaka guda ta sefa ta haura naira dubu biyu. Magidanta da yawa sun koma haɗa kuɗi mutum bakwai su ja sa. A can kuma makiyayin Nijar ya tsaya da garkensa a kasuwar da masu saye suka yi ƙaranci, ya sayar a wulaƙance. Abin da aka yi wa manomin Galmi a 2019, shi gwamnatin Nijar ta yi wa makiyayinta, da hujja iri ɗaya.

Wannan ɗabi'a ta toshe ƙofa in an ji matsi ba sai tsakanin ƙasa da ƙasa ba. A Fabrairun 2024, bayan matan Minna sun tare hanya a Kpakungu kan tsadar rayuwa, Gwamna Mohammed Umaru Bago ya hana sarin abinci da yawa daga kasuwannin jihar zuwa waje. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen kaɗanya na wata shida don masana'antun gida su samu, farashi ya faɗi nan take, matan karkarar Neja da ke tsintar ta suka ɗauki asarar. Ita kuwa gwamnatin Tinubu da ta gāji tsarin kare manomi, a Yulin 2024 ta buɗe ƙofar kwana 150 ta shigo da masara da alkama da wake da shinkafa ba haraji, lokacin da hauhawar farashin abinci ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari. Mai saye ya samu sauƙi, manomin da ya ci bashin taki ya shiga uku. Yau a rufe, gobe a buɗe, babu wanda zai iya shirya noman baɗi ko cinikin shekara a kan haka, a nan ko a Maraɗi.

Mu ma an yi mana

Ranar 2 ga Afrilun 2025 Najeriya ta ɗanɗana irin tuwon da ta saba tuƙa wa wasu. Shugaba Donald Trump ya ɗora wa kayanta harajin kashi 14 cikin ɗari, daga baya a Agusta ya koma 15, kuma ofishin cinikin Amurka ya ambaci jerin kayan da Najeriya ta haramta shigowa da su a cikin ƙorafinsa. Ɗanyen mai, wanda shi ne mafi yawan abin da muke kai musu, ya tsira. Amma jami'anmu sun ji zafin a yanke maka hukunci ba a tambaye ka ba.

Wanda ya fi kama da labarinmu shi ne na Kanada. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da take fitarwa Amurka take kaiwa, sojojin ƙasashen biyu sun yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa tun daga yaƙin duniya har Afghanistan, ga yarjejeniyar ciniki da Trump ɗin da kansa ya sa wa hannu a wa'adinsa na farko. Duk da haka a Maris na 2025 ya ɗora mata kashi 25 cikin ɗari, yana ta kiranta jiha ta 51. Mutanen Kanada suka kwashe kayan Amurka daga kantuna, suka rage zuwa yawon buɗe ido can, lardin Ontario har ya ƙara kuɗin wutar lantarkin da yake sayar wa wasu jihohin Amurka na ɗan lokaci. Jam'iyyar Firaminista Mark Carney, wadda aka riga aka yi wa ta'aziyya, ta ci zaɓen Afrilu da alƙawarin rage dogaro da Amurka. Ƙasa mai arziki irin Kanada ke nan. Nijar ma abin da take yi ke nan gwargwadon ƙarfinta: ta karkatar da kayanta ta tashar Lome, suna ratsa Burkina Faso da rakiyar soja duk da tsada da haɗari, tana faɗaɗa wutar hasken rana a Gorou Banda, tana kuma neman ƙarasa madatsar Kandadji a kan kogin nan da ruwansa ke juya injinan Kainji da Jebba.

A nan ne asarar take, a ganina. Kayan da aka tare suna dawowa ranar da aka buɗe shinge, wasu ma ba su daina shigowa ba. Amma maƙwabcin da aka nuna wa cewa abincinsa da wutarsa suna hannun wanda zai iya murɗe su dare ɗaya, zai nemi wata hanya ko da ta fi tsada, kuma in ya same ta ba ya dawowa gaba ɗaya. Ƙasa tana da haƙƙin kare manominta, haraji kuma ba haramun ba ne. Bambancin yana ga yadda aka yi: harajin da aka sanar, aka tattauna, aka sa masa wa'adi, aboki zai iya jurewa. Rufe ƙofa da tsakar dare kuwa cin fuska ne.

Igiyar ba ta tsinke ba tukuna. Da ƙarancin fetur ya addabi Nijar a Maris na 2025, matatar SORAZ ta Damagaram ta kasa wadatar da ƙasar, Abuja aka zo, Najeriya kuma ta tura tankoki. A Afrilu Ministan Harkokin Waje Yusuf Maitama Tuggar ya je Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka amince a farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar nan ta 1971. Aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021 kan kusan dala biliyan 2, yana tafiya ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Ba a kashe irin wannan dukiya don jirgi ya je Jibiya ya tsaya jiran wani ya huce. Kafin a fara lodi, ya kamata 'yan majalisarmu na Arewa, da sarakunan ɓangarorin biyu, da ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi da dabbobi su matsa a rubuta yarjejeniya tsakanin Abuja da Yamai: abinci da magani da dabbobi da wutar lantarki ba sa shiga cikin takunkumi ko wane ne ke mulki, kuma duk wanda zai rufe boda ko ya ƙara haraji sai ya ba ɗan'uwansa sanarwar watanni, ta hannun hukumar da aka kafa domin haka.